Kuɗin Harafi

Sufeto ya kira ni ranar Talata,
ya ce jibi fareti, manya za su zo,
dutsen gindin tutar nan ya koɗe,
ka bi sunayen da baƙin fenti.
A tsaye muka yi ciniki:
harafi ɗaya, naira hamsin.

Ni mai rubuta allon shago ne a Sabon Gari,
"Akwai Ƙanƙara", "Ba a Fitsari a Nan".
Tsakanina da ɗan sanda sai shingen Kwangila,
ya miƙo hannu, in miƙa,
kowa ya kau da kai.
Don haka ban zo da hawaye ba.
Buroshi na kawo da gwangwanin kananzir,
ina fatan sunayen su yi tsawo.

Sun kuwa yi.
Terhemba Iorkyaa, na gode, sha biyar ka ba ni.
Lamidi Ajao, Dogara Shekari, Barau Tukur-Tukur,
mutum talatin da ɗaya, sahu-sahu,
ba mai tambayar wani inda yake ibada,
ƙadangare ɗaya ke shan hantsi a kansu duka.
Daga sama shekarun yaƙin basasa,
kashin tantabara ya cinye rabi.

Ina layi na takwas inuwa ta rufe ni.
Delu ce, tsohuwar da ke dafaffiyar gyaɗa a ƙofar bariki.
Ta ce, yaro, in ka sauka ƙasa kaɗan ka dakata,
nawa ne.

Ta ce, ba soja ba ne fa.
Hannu yake bayarwa a mararrabar tasha,
da farar safa, da usur.
Aka ce ana neman masu tsaron gada a kudu.
Jirgin ƙasa ya ɗauke shi da asuba,
na ɗaure masa ƙuli-ƙuli a bakin ƙyalle.
Abin da ya dawo mini akwatin ƙarfe ne,
bel a ciki, da usur ɗin.
Kabari kuwa, sai dai a tambayi kogi.

Shekara hamsin da ɗoriya
kafin in sauke tire nake gaida layin nan.
Sai bara jikata mai boko ta duba,
ta ce Kaka, Mato aka rubuta.
Shi kuwa Mati ne.
Mati uwarsa ta kira shi, Mati na aura.
To wa nake ta gaisarwa?

Na sa yatsa a ramin harafin.
Zagaye ne, mai sassaƙa ya zurfafa shi,
kuskuren ya girme ni.
Fenti ba ya gardama da dutse,
inda aka haƙa masa nan yake kwanciya.

Na daɗe ina kallo har buroshi ya bushe.
Sai na tsoma, na bi gefen hagu kaɗai,
sanda ɗaya a tsaye, kamar kurtu,
na bar sauran zagayen da launin dutsensa.
Daga taku uku, Mati ne.
Ta ce karanta mini. Na karanta.
Ta ce sake.

Da yamma Sufeto ya ƙirga da bakin biro,
ya ce wannan bai cika ba, ba ya biyan rabin aiki.
Na ce a bar shi, ranka ya daɗe.

Ranar fareti aka busa begila,
babba ya karanto daga takarda,
ya iso na tara, ya ce Mato.
Delu ba ta ko ɗaga kai ba,
idonta na kan dutse,
tana ɓare gyaɗar da ba ta ci.

Da zan koma gida aka tare ni a Kwangila.
Yaro ne, gashin baki bai gama tsirowa ba.
Ya miƙo hannu.
Ni kuwa ƙirjinsa nake kallo,
inda aka ɗinka sunansa da farin zare.
Ban san lokacin da na fara ƙirgawa ba:
bakwai.
Na ce, haka ake rubuta shi daidai?
Ya dube ni, ya sauke hannun,
ya ce wuce.